Shatin Ƙwallo a Cinyar Mawande

A ƙauyen Mthonjeni, can cikin tuddan Gabashin Kap a Afirka ta Kudu, kowane yaro da kurket yake tashi, wasan jifar ƙwallo da bugunta da katako, amma son da Mawande ke yi wa wasan ya wuce na kowa. Abin da ya sa ake zolayarsa kuwa shi ne, duk garin babu yaron da ya kai shi rashin iyawa. In aka cilla masa ƙwallo sama, sai ya ware hannuwa ya runtse ido. In aka miƙa masa katakon bugu, sai ƙwallon ta wuce ta zubar da turaku ukun da yake karewa, sannan shi kuma ya kai mata duka. Yayarsa Phumeza, wadda ta girme shi da shekara biyu, takan ce ko kazar gidansu aka ba katakon, da ta taɓa ƙwallon ko da bisa kuskure ne.

Wannan bai taɓa hana shi barci ba. Da an tashi daga makaranta shi ne na farko a filin bayan coci, shi ke kafa gwangwanayen fenti a madadin turaku, shi ke naɗe tsohuwar ƙwallon tanis da jan salatif don ta yi nauyi. In an fitar da shi a jifar farko, sai ya koma gefe ya tsuguna yana ba da labarin wasan da ƙarfi, da muryar mutumin rediyo, har masu wasan su riƙa waiwaye don su ji abin da zai ce a kansu.

A wurin kakarsa ya ɗauko ciwon. Makhulu Nofezile, wadda ke riƙe da su tun da mahaifiyarsu ta samu aikin asibiti a birni, ta yi shekaru tana wanke wa marigayi mijinta fararen kayan wasa, kuma ta fi yawancin mazan garin sanin kan abin. Duk ranar da ƙungiyar ƙasa ke wasa, sai ta fito da rediyonta inuwar ɗaki, ta cika dogon lofenta da taba, Mawande ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙafarta. In batir ya yi sanyi, ya hau rufin akurki ya shanya su a rana, ya sauko a guje kada wani abu ya wuce shi. Ba su taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikin 'yan wasan ba, amma Makhulu tana yi musu faɗa kamar 'ya'yan cikinta.

"Ji sakarai! Wa ya aike shi taɓa wannan ƙwallon? Ka bar ta ta wuce mana, ɗan nan!"

"Makhulu, ai ba ya jin ki," in ji Phumeza daga wurin turmi.

"Shi ya sa aka fitar da shi. Da yana jina da yanzu yana nan."

Amma wasan rediyo somin taɓi ne. Babban abin yana zuwa ne a watan Disamba, lokacin da tuddai suka yi kore, motocin haya suka fara sauke mazan da ke aiki a ma'adinai da masana'antu, kowa da akwatinsa da sabuwar hularsa. Tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara ƙauyukan kwarin ke karawa da juna, wanda ya yi nasara ya ja rago. A cikin masu dawowar nan akwai Malume Zolile, ƙanen mahaifiyar Mawande, wanda ke aiki a kamfanin haɗa motoci a bakin teku. Shi ne gwanin bugun Mthonjeni kuma shugaban 'yan wasanta. A wurin Mawande kuwa, in aka ce ya zaɓa tsakanin dukkan mutanen rediyo da Malume, ba zai ko yi tunani ba.

A shekarar da Mawande ya cika sha biyu, Mthonjeni ta kai wasan ƙarshe, za ta kara da Mdeni, ƙauyen da ke hayin rafi. Tun da hantsi fili ya cika. An kori shanu, an kwashe kashinsu, an shimfiɗa doguwar tabarmar jifa a tsakiya an kafe ta da ƙusoshi. Mata sun ɗora manyan tukwanen ƙarfe na masara da wake a gindin itatuwa. Ragon kuma yana ɗaure a jikin motar fasto, yana cin ciyawarsa, ba ruwansa. Mawande ya iso cikin farar rigarsa ta makaranta da farin gajeren wando da takalman da ya shafe da alli. Haka yake yi kowace shekara, ko da yake iyakarsa bakin fili.

Sai aka ga mutanen Mthonjeni sun yi cirko-cirko suna ƙirga kansu. Su goma ne, ana bukatar sha ɗaya. Lungelo ne babu: naƙuda ta kama matarsa da asuba, ya ɗauke ta a bayan akori-kura sun nufi asibiti. Manyan samarin garin kuwa duk suna daji, lokacin kaciya ne, ba mai ganinsu sai sun fito. Dattawan da suka rage, wasu gwiwa ta ƙi, wasu kuma tun da safe suka fara gaisawa da tulun giya.

Malume Zolile ya juya ya dubi yaran da suka yi layi a bakin fili. Kowa ya miƙe wuya. Akwai waɗanda suka fi Mawande tsawo, kuma dukkansu sun fi shi iyawa.

"Mawande, zo nan."

Yaron ya waiwaya bayansa, ko akwai wani mai sunan.

"Kai nake nufi, ɗan 'yar'uwata. Ko akwai wani mai fararen kaya a nan?"

Wani daga cikin 'yan wasan ya yi tsaki. "Haba Zolile, wannan? Ai gara mu kafa sanda mu sa mata hula."

"Sanda ba ta san doka ba," in ji Malume. "Waɗancan in na sa su, za su ruga lokacin da ya kamata su tsaya, su jawo a fitar da ni. Wannan kuwa ya san lokacin gudu, ya san lokacin tsayawa. Sauran a bar wa Allah."

Aka tambayi shugaban Mdeni ko ya yarda. Ya dubi Mawande daga sama har ƙasa, ya ce in suna da irinsa guda biyu ma su kawo.

Mdeni ce ta fara bugu. Aka aika Mawande can ƙarshen fili, kusa da inda ciyawa ta haɗu da duwatsu, wurin da ake zaton ƙwallo ba za ta je ba. Ya tsaya ya sunkuya, hannuwa bisa gwiwa, kamar yadda ya ga manya na yi. Bai taɓa ganin filin da kyau irin na ranar ba. Daga ciki komai daban ne. Yana jin numfashin mai jifa, yana jin ƙarar katako tun kafin ta kai ga 'yan kallo, yana jin baƙar maganar da 'yan wasa ke yi wa juna ƙasa-ƙasa, irin wadda ba a faɗa a rediyo.

Sau ɗaya ƙwallon ta nufo shi, tana gangarowa a ƙasa, ba ma da wani ƙarfi ba. Ya durƙusa ya haɗa hannuwa. Ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta haye iyaka, Mdeni ta samu maki huɗu a banza. 'Yan hayin rafi suka kwashe da shewa.

"Ku yi dariyarku!" Muryar Makhulu ce daga kan kujerarta, tana nuna su da lofe. "Ubanninku ma sun zubar da wadda ta fi wannan a filin nan, ina zaune ina kallo. In kira sunaye?"

Ba wanda ya ce ta kira.

Da rana ta take aka gama fitar da 'yan Mdeni, aka zauna cin abinci. Mawande ya zauna a cikin 'yan wasa, aka zuba masa a kwano irin nasu. Phumeza ce ke rabon, ta sunkuyo ta ce masa a kunne, "Ka ci da yawa, wataƙila shi ne na ƙarshenka. Ka ga wanda zai yi jifa?"

Ya gani. Duk kwarin babu wanda bai san Mthobeli ba, ko da yake ba mai kiransa da wannan suna sai uwarsa da tsofaffi. Aradu ake ce masa. Dogo ne, ƙirjinsa kamar ƙofar rumbu, yana aikin fasa dutse a ƙarƙashin ƙasa, kuma an ce ya taɓa karya turke biyu da jifa ɗaya. Mawande ya sha kwaikwayon gudunsa a bayan gida. Ya dai ta'azantar da kansa da cewa shi ne na ƙarshe a layi, da wuya a kai kansa.

Da farko kamar ba za a kai ba. Malume Zolile ya shiga ya kafe, yana aika ƙwallo gabas da yamma, mata na guɗa. Sai dai abokan bugunsa ba su daɗewa. Wannan ya ɗaga ta sama aka cafke ya fita, wancan Aradu ya watsa masa turaku, wani kuma ya ruga ba a kira shi ba aka fitar da shi a tsakiyar hanya. Rana ta karkata, inuwar duwatsu ta fara shigowa fili. Da mutum na tara ya fita, saura maki takwas Mthonjeni ta ci, kuma ba wanda ya rage a benci sai Mawande.

Aka ɗaura masa kariyar ƙwauri ta manya, ta kai masa har kusan ƙugu, sai da aka zagaya igiyar sau biyu. Katakon ya yi masa nauyi. Ya taka zuwa tsakiyar fili yana tafiya kamar agwagwa, mutanen garinsu na tafi, na Mdeni na fito. Malume ya tare shi a tsakiyar tabarma ya dafa kafaɗarsa.

"Kana jin tsoro?"

"E, Malume."

"Madalla, ni ma haka. Ji nan, ba na son ka ci ko maki ɗaya. Ka sa katakon a gaban turaku, ka buɗe idonka. Ka ji? Idon nan, a buɗe. In na ce gudu, ka gudu. In muka yi musayar wuri, sauran aikina ne."

Kafin Aradu ya juya, sai ga Makhulu ta miƙe tsaye da sandarta.

"Kai Mthobeli! Ni na karɓi haihuwar uwarka. In ka fasa min kan jika, har gida zan biyo ka!"

"Kwantar da hankalinki, Makhulu," in ji Aradu yana dariya. "Ba na cin 'yan tsaki."

Bai ko ja da baya ba. Taku biyu ya yi, ya lallaɓo ƙwallon a hankali kamar mai miƙa wa jariri lemo. Mawande ya sa katako, ido a buɗe, ya ji ƙwallon ta taɓa shi ta faɗi a gabansa. Fili ya ɗauki dariya da tafi, har da su Phumeza.

Ya kamata ya ji daɗi, domin bai taɓa tare ƙwallon fata ta gaske ba sai ranar. Amma bai ji daɗin ba. Shekara nawa yana zaune a bakin filin nan yana kallon jifar Aradu, yana tunanin yadda take in mutum na tsaye a gabanta. Yau ga shi a gabanta, an ba shi ta wasan yara. Ya ɗauki ƙwallon ya cilla wa Aradu, ya ce da 'yar siririyar muryarsa:

"Bhuti, yayana, don Allah ka jefo min irin wadda kake jefa wa mutane."

Na kusa suka ji, suka gaya wa na nesa. Malume ya dafe kai. Aradu ya tsaya yana juya ƙwallon a hannu, yana kallon yaron, dariyar ta bar fuskarsa.

"Ka tabbata, ƙanena?"

"Na tabbata."

Aradu ya gyaɗa kai, ya juya ya yi ta tafiya har inda ya saba farawa, ya goga ƙwallon a wandonsa. Mawande ya ga ƙaton mutumin ya taho, ƙasa na amsa takunsa, ya ga hannu ya zagayo ta sama. Bai rufe ido ba, amma duk da haka bai ga komai ba. Wani huci kawai ya ji, sai kuma kamar an soka masa garwashi a cinyar hagu, daidai inda kariyar ta ƙare. Ya faɗi zaune. 'Yan Mdeni suka yi ihu suna neman a fitar da shi, fasto da ke alƙalanci ya girgiza kai ya ce ta yi sama, ba za ta sami turaku ba. Ƙwallon kuwa ta goce ta yi bayan fili.

"Gudu! Mawande, gudu!"

Ya miƙe, bai san da wace ƙafa ba. Ya ja katakon a ƙasa, kariyar ƙwauri na kaɗawa, hawaye na zuba, ya yi ta ɗingishi har ya haye layin can ɗaya gefen ya zube. Ƙwallon ta iso bayansa da kaɗan. Mthonjeni ta tashi da kururuwa kamar an riga an ci ragon. Aradu ya zo ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya kakkaɓe masa riga.

"Ka mutu?"

"A'a, Bhuti."

"To tsaya da kyau. Namiji."

Gudun ya kawo maki ɗaya, sun kuma yi musayar wuri. Yanzu Malume ne ke fuskantar jifa, saura bakwai. Ta farko ya shimfiɗa ta a ƙasa ta ratsa tsakanin mutum biyu ta haye iyaka. Saura uku. Mawande na tsaye a gefen alƙali, cinya na zugi, yana addu'ar da bai san yana yi da ƙarfi ba. Aradu ya sake tahowa. Malume ya buɗe ƙirji ya ɗaga ta sama, ta yi ta tafiya wajen duwatsu, kowa ya miƙe. Sai wani siririn saurayi na Mdeni, wanda tun safe bai yi abin kirki ba, ya ja da baya, ya ja da baya, ya miƙa hannu ɗaya, ta manne a tafinsa. Shi kansa sai da ya duba hannun don ya tabbatar.

Shi ke nan, an fitar da Malume, Mdeni ta ci da maki biyu.

Mawande ya zaci duniya za ta tsaya. Ya dubi Malume yana jiran ya ga ɓacin rai, sai ya ga ya cire hula yana share gumi, yana ma murmushi.

"Na yi gaggawa," in ji Malume. "Kakarka za ta gaya min haka har in koma bakin aiki. Zo mu tafi. Ka san wani abu? Yau duk mutanen Mthonjeni an fitar da su, har da ni. Mutum ɗaya ne kawai Mdeni ta kasa fitarwa."

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Mawande. Bai ci ko maki ɗaya ba, domin gudun da suka yi na cinya ne, ba na katako ba. Amma ba a fitar da shi ba.

Ragon bai haye rafi ba. A nan bakin fili 'yan Mdeni suka yanka shi, kamar yadda aka saba, aka gasa, garuruwan biyu suka ci tare, ana ta musu a kan wanda ya zubar da me. Ana cikin haka Lungelo ya dawo da labarin an samu 'ya mace, aka sake sabuwar guɗa. Aradu da kansa ya yanko wa Mawande tsoka a jikin haƙarƙari. Makhulu ta sa aka ɗage masa wando ta duba wurin, ta latsa da yatsa har ya yi ƙara.

"Ƙashi lafiya lau," in ji ta. "Amma kai wawa ne. Mutum ya yi maka sauƙi ka ce ba ka so?" Ta mayar da lofe baki, ta ƙara da cewa, "Katakon ma ka riƙe shi a karkace. Gobe zan nuna maka."

Washegari wurin ya kumbura ya yi baƙi, faɗinsa kamar bakin kofi, kuma a tsakiyarsa ga shatin ɗinkin ƙwallon nan layi-layi, kamar an buga hatimi. Mawande bai taɓa mallakar abin da ya kai wannan daraja ba. Yaran garin suka riƙa biyo shi bayan coci don su gani, har da waɗanda suka fi shi iya wasa, wasu na roƙon ya bari su taɓa. Ranar Lahadi ya nuna wa fasto. Da Makhulu ta kawo man shafawa, sai ya ce ai ba ya ciwo, alhali da ƙyar yake tsugunawa. Phumeza ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wanda aka doka yake yawon talla da dukan ba, amma da ƙawayenta suka zo, ita ce ta kira shi ya nuna musu.

Baƙin ya koma shuɗi, shuɗin ya koma ruwan ɗorawa. Masu aikin birni suka fara ɗaure kaya, Malume ma ya tafi. Kafin a koma makaranta shatin ya ɓace sarai, Mawande ya yi ta murza wurin a rana ko zai ga saura, babu.

Ana gobe komawa makaranta Makhulu ta aike shi kantin bakin titi sayen kananzir. Ya tarar da motar haya ta tsaya ana loda akwatuna, mazan Mdeni ne na ƙarshe masu komawa ma'adinai. Ya raɓe gefe zai wuce, sai ya ji murya daga tagar mota.

"Kai, Mawande na Mthonjeni!"

Aradu ne, ya leƙo da kai, gwiwar hannunsa ta cika tagar. Duk mutanen da ke wurin suka juyo su ga wanda yake kira.

"Yaya cinyar?"

"Ta warke, Bhuti."

"To ka yi ta cin abinci. Baɗi ka zo min da ɗayar."

Mota ta tashi. Mawande ya tsaya riƙe da galan har ta sha kwana, sannan ya shiga kantin. Mai kanti ya tambaye shi ko daga ina Aradu ya san sunansa.

"Mun taɓa karawa," in ji Mawande, ya ɗora galan a kan tebur.